Babi na Shida: Bututun da Ke Kwance a Ƙarƙashin Ruwa

"Ga ruwa cike a dam, to me ya hana shi isowa gonata?" Tambayar da manomin rani kan yi ke nan idan ya hau kan madatsa ya ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙure, sannan ya sauko ya tarar da hanyar ruwan da ta bi ta gefen gonarsa tana tsiyaya da ƙyar, albasa da tumatir sun yi laushi. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ma'aikata sun rufe ƙofa, ko kuwa manoman da ke sama sun tare ruwan. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akwai lokacin da matsalar take a wurin da manomin bai taɓa gani da idonsa ba, wato can ƙasan ruwa, inda bututun fitar da ruwa yake kwance.

Ta ina ruwan dam yake fita?

Madatsun arewacin Kano, irin su Watari a Bagwai, da Tomas a yankin Ɗambatta, da Gari a wajen Kunchi, da Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir, duk daga shiri ɗaya suka fito. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya dasa harsashin tara ruwan damina domin amfanin rani. An gama madatsar Tiga a 1974, saura suka biyo baya a cikin shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, kuma hukumar ayyukan ruwa ta jihar, wato WRECA, ta taka babbar rawa wajen gina su. Madatsun ƙasa ne: an tara ƙasa an daddanne ta da manyan injuna har ta zama bango mai tsawo da ya tare kwarin.

Irin wannan madatsa tana da mafita biyu. Ta farko kowa ya san ta, ita ce faffaɗar mazubar da ruwa ke tsallakewa idan dam ya cika a watan Agusta ko Satumba. Ta biyu ita ce ta kullum, kuma ita ce ɓoyayya. Bututu ne na ƙarfe ko na kankare da aka kwantar a gindin bangon tun kafin a tara ƙasa a kansa. Bakinsa ɗaya yana cikin tafkin, an rufe shi da ragar ƙarfe domin tare itace da shara. Ɗaya bakin yana bayan bangon, inda ruwa ke tunkuɗowa ya shiga babbar hanyar ban-ruwa. A tsakani akwai ƙofa ko bawul da ake murɗawa a buɗe ko a rufe.

Duk ɗigon da ya isa gonar albasa a watan Fabrairu ta wannan bututu ya bi. Idan ya toshe, cikar dam ba ta da amfani ga manomi. Idan kuwa ya fashe a cikin bango, to maganar ta wuce ta albasa, ta zama ta rayukan mutanen da ke zaune a ƙasan madatsar.

Mutanen bakin teku sun riga mu

Babu teku a Kano, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutanen da suka fi kowa daɗewa suna fama da bututun ƙarƙashin ruwa su ne mazauna biranen gaɓar teku, don haka ya kamata mu ji abin da suka koya.

Ruwan da birni ya gama amfani da shi, na wanka da na bayan gida da na masana'antu, idan an tace shi dole a zubar da shi wani wuri. Idan aka zuba a bakin gaɓa, igiyar ruwa za ta dawo da shi kan mutane. Shi ya sa ake shimfiɗa bututu ya yi nisa cikin teku, a huda masa bakuna da yawa a can ƙarshe, ta yadda ruwan zai fita kaɗan-kaɗan ya gauraya da na teku. Birnin Sidni na Ostareliya ya buɗe irin waɗannan hanyoyi guda uku a 1990 da 1991, kowace tana fitar da ruwa a nisan kilomita biyu zuwa huɗu daga gaɓa. Na birnin Boston a Amurka, wanda ya fara aiki a Satumban 2000, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 15, da mafita 55 a ƙarshensa. Waɗannan birane biyu rami suka haƙa a cikin dutsen da ke ƙarƙashin teku, inda babu abin da zai taɓa shi. Aiki ne mai cin maƙudan kuɗi. Yawancin garuruwa ba su da wannan hali, sai dai su kwantar da bututun a kan yashin ƙasan teku, kuma a nan ne abokan gabarsa suke samunsa.

Ta farko ita ce anga, wato ƙaton ƙarfen da jirgin ruwa ke jefawa ƙasa domin ya tsaya. Misali mafi kusa da mu shi ne bututun iskar gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ya tashi daga Najeriya ya bi ta cikin teku zuwa Benin da Togo da Ghana. A watan Agustan 2012 angar wani jirgi ta fizge shi a kusa da Lome. Gas ya yanke kusan shekara guda. Tashoshin lantarkin Ghana da suka dogara da shi suka rasa makamashi, ɗauke wuta ya tsananta, kuma 'yan'uwanmu na Nima da sauran zangunan Accra da Kumasi sun ɗanɗana wannan duhu. Haka aka sake gani a Oktoban 2023 a tsakanin Finland da Estoniya, inda jirgi ya ja anga a ƙasa ta fasa bututun gas, ba a gama gyara ba sai Afrilun 2024. Waɗannan na gas ne, amma anga ba ta tambayar abin da ke cikin bututu.

Na biyu shi ne tarun manyan jiragen kamun kifi, wanda ake ja a ƙasan teku da alluna masu nauyi na ƙarfe. Na uku kuwa, wanda ya fi su naci, shi ne ruwan kansa. Kullum yana motsi, yana kwashe yashi daga ƙarƙashin bututu kaɗan-kaɗan har wani sashe ya zama a rataye, babu abin da ya tallafe shi. Duk wanda ya taɓa ganin rufin soro ya san azara tana da iyakar faɗin da za ta iya ɗauka. Idan ɗaki ya fi ƙarfinta za ta lanƙwasa, wata rana ta karye. Bututun da yashi ya zame a ƙarƙashinsa haka yake, har ma ya fi azara shan wuya, domin ruwa yana kaɗa shi dare da rana har mahaɗarsa ta gaji ta buɗe.

Yadda suke kare shi

Dabarun ba su da wuyar ganewa. Inda zai yiwu, ana haƙa rami a ƙasan teku a binne bututun, musamman kusa da gaɓa inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Ana yi masa riga ta kankare, ko a ɗaura masa ƙawanya masu nauyi, saboda bututun roba ba shi da nauyi, kuma da zarar iska ta taru a cikinsa sai ya nemi tasowa sama. Inda binnewa ba za ta yiwu ba, ana zuba masa duwatsu, ƙanana a ƙasa manya a sama, ko a lulluɓe shi da tubalan kankare da aka sarƙa da igiya.

Sai dai injiniyoyin da kansu sun san babu kankaren da zai iya da angar babban jirgi. Don haka rabin tsaron ba a cikin ruwa yake ba, a kan takarda yake da kuma cikin kunnuwan mutane. Ana zana hanyar bututun a taswirar da kowane matuƙin jirgi yake riƙe da ita. Ana sa alamu masu yawo a saman ruwa. Ana hana jefa anga da jan taru a kewayen wurin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin teku ta 1982 ta ɗora wa ƙasashe nauyin hukunta duk wanda ya lalata bututu ko wayar ƙarƙashin teku, da gangan ko da sakaci. Bayan wannan duka, ana tura masu nutso ko na'ura mai kyamara su bi bututun lokaci-lokaci, su duba inda yashi ya zame da inda tsatsa ta fara ci.

Dalilin wannan naci shi ne, gyara a ƙarƙashin ruwa abu ne mai tsada da haɗari. A Yulin 1999 masu nutso biyu suka rasa rayukansu a cikin ramin nan na Boston, lokacin da aka tura su cire abubuwan da aka toshe mafitun da su, na'urar da ke ba su iskar shaƙa ta gaza. A ƙasar da ta fi kowa kayan aiki ke nan.

Laka, yashi da taru

To mu dawo gida. Ba mu da manyan jirage a Watari, sai kwale-kwalen fito da na masunta. Namu abokan gabar daban ne, kuma babbarsu laka ce.

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Minjibir da Gezawa da Bichi, tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin yadda manoman wannan yanki suke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, da taimakon takin gida da na birni da jakai ke kaiwa a mangala. Abin alfahari ne. Amma yana da wani ɓangare da ya shafi maganarmu. A nan ba a barin komai a gona. Karan dawa da na gero ana kwashe su domin darni da girki da abincin dabbobi, harawa tana hawa kan bishiya ko rufin ɗaki. Kafin bazara ƙasa ta zama tsirara. Ruwan farko idan ya zo da iska da ƙarfi, sai ya ɗebi saman ƙasar ya bi ƙoramu da ita, jawur, har cikin dam. Da ruwan ya tsaya cik, abin da ya ɗauko sai ya kwanta.

Masu gini sun san da haka. Shi ya sa akan ɗaga bakin bututu sama da ainihin ƙasan tafki, a bar wa laka wurin zama. Amma wurin yana da iyaka, ga shi madatsun nan sun haura shekara 40. Wanda ya je bakin ɗaya daga cikin ƙananan madatsu a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja baya, zai ga abin da nake nufi: laka baƙa ta bushe ta tsattsage, ƙafa tana nutsewa idan aka matsa gaba, ragar bakin bututu kuwa ta sha ledoji da robobin lemo da guntayen kara da tsohon taru, duk sun cakuɗe sun zama dunƙule ɗaya. Ta ɗan abin da ya rage a buɗe ne ruwan gonaki masu yawa yake ƙoƙarin wucewa.

Tarun nan ya cancanci a tsaya a kansa. Kifi yana son taruwa kusa da gini a cikin ruwa, masunci ma ya sani, shi ya sa yake kai kalli da birgi wurin. Tarun da na zaren auduga ne, idan ya maƙale zai ruɓe. Na yanzu na roba ne, yana iya shekaru bai ruɓe ba, yana ta kama shara. Ban da haka ma, idan ƙofa tana buɗe, bakin bututu yana jan ruwa da ƙarfin da zai iya manne mutum a jikin raga. Yaro mai iyo ko masuncin da ya nutsa cire tarunsa a wannan wuri yana wasa da ransa ne.

Yashi kuma matsalar bututun da ke tsallaka rafi ce. Matatar ruwa ta Watari tana tura ruwan sha zuwa birni ta manyan bututu masu ratsa gonaki da ƙoramu, haka ma ƙananan ayyukan ruwa na garuruwa. Inda bututu zai haye rafi, akan binne shi a ƙarƙashin yashi. Birnin Kano kuwa kullum gini yake, tifofi suna shiga rafuka suna fita. Idan aka kwashe yashi a wuri guda, ruwan damina zai ciko ramin da yashin da ke sama da shi, gadon rafin gaba ɗaya ya yi ƙasa. Bututun da aka binne sai ya wayi gari a fili, a rataye tsakanin gaɓa da gaɓa, ambaliya tana dukansa da kututture. Masu haƙar ba lallai ne su taɓa shi da shebur ba. Ko da nesa da shi suke aiki, ɓarnar tana iya isowa.

Ruwan da ke bin bayan bututu

Akwai haɗari guda da ya fi duk waɗannan, kuma ina so mai karatu ya riƙe shi ko da ya manta saura. Ruwa yana neman hanya mafi sauƙi, kuma a cikin bangon ƙasa babu hanyar da ta fi jikin bututu sauƙi, domin wurin yana da wuyar dannewa sosai lokacin gini. Idan tsatsa ta huda bututun, ko mahaɗa ta buɗe, ruwa mai ƙarfi zai riƙa fita yana bin bayansa, yana ɗibar ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Daga waje bango yana nan lafiya lau, a ciki kuwa rami yana faɗaɗa. Abin ya fi muni idan ƙofar rufewa tana can bakin waje ne kawai, domin a lokacin bututun kullum cike yake da ruwa mai matsi, ko ana ban-ruwa ko ba a yi.

Haka ta faru da wata tsohuwar madatsa mai suna Lawn Lake a Jihar Kolorado ta Amurka. A ranar 15 ga Yulin 1982 ta ɓalle da safe, babu ruwan sama, babu hadari. Bincike ya nuna abin da aka liƙe mahaɗar bututu da bawul da shi ne ya lalace, ruwa ya yi ta cin bangon a ɓoye. Mutum uku suka mutu, ruwa ya shiga garin Estes Park. Mu a nan ba ma buƙatar a faɗa mana abin da ɓallewar madatsa ke yi. Dattawa suna tune da madatsar Bagauda a Agustan 1988, kowa kuma ya ga abin da ta Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024.

Alhamdu lillahi, wannan cuta tana nuna alama kafin ta kashe. Ɗan tsatsar ruwa a bayan madatsar ƙasa ba baƙon abu ba ne, muddin ruwan garau yake kuma ba ya ƙaruwa. Abin tsoro shi ne ruwan da ya fito da launin ƙasa, ko ya bar ɗan tulin yashi mai laushi a inda yake ɓuɓɓugowa, domin wannan ƙasar daga cikin bango ta fito. Haka nan wurin da ya lotsa a saman bango daidai kan layin bututu, ko inda ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani alhali kewayenta a bushe. Waɗanda za su fara ganin waɗannan alamu ba injiniyoyi ba ne. Makiyayi ne da ke bi da shanu, da matar da ta zo wanki, da manomin da gonarsa ke gindin bango. Duk wanda ya gani, ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan dam a ranar, kada ya jira gobe.

Abin da ke hannunmu

Wasu ayyukan na hukuma ne, babu mai iya ɗauke mata su: kawo masu nutso ko kyamara su duba cikin bututu, sauya bawul da ya ci tsatsa, zura sabon bututun roba a cikin tsoho idan ya rarake, auna yawan lakar da ta taru. A ganina a nan ne muka fi rauni. Mun fi sakin kuɗi ga aikin da za a gani a yaba, hanyar ruwa mai sabon siminti ko sabuwar madatsa, alhali dubban manoma sun rataya ne ga ƙarfen da aka binne tun kafin a haifi yawancinsu. Duk kasafin gyaran dam da bai ware kuɗin duba bututu ba, bai cika ba.

Amma darasin bakin teku shi ne rabin tsaro sanarwa ce da yarjejeniya, wannan kuwa ba ya buƙatar kwangila. Jarkoki huɗu da aka shafa wa jan fenti aka ɗaure da dutse sun isa su kewaye bakin bututu. Sarkin ruwa yana da ikon da zai ce wa masunta daga nan zuwa nan ba a saka taru, ba a nutso, kuma za su ji maganarsa fiye da ta allon gwamnati. Dagaci da ƙungiyar 'yan tifa za su iya zama su shata iyakar da ba a ɗibar yashi sama da ƙasa da mahayar bututu, a kafa turaku masu fenti a gaɓa biyu. Ƙungiyar manoman rani za ta iya sa ranar aikin gayya a ƙarshen rani domin share raga, bayan ma'aikata sun rufe ƙofa sun tabbatar ruwa ba ya ja. Ita ma ƙofar tana buƙatar a riƙa murɗa ta ana shafa mata mai lokaci-lokaci, domin wadda aka bari shekara da shekaru ba a taɓa ba, ranar da aka neme ta ba za ta motsa ba.

Maganar laka ta fi wuya, kuma ba zan ce wa mai gona 'yar kadada ɗaya ya bar wani sashe nata ba tare da na san abin da nake roƙonsa ba. Ƙasa ta yi ƙaranci a wannan yanki, kowane taku yana da mai shi. Duk da haka, layin gamba ko jema a bakin ƙorama, da 'yan duwatsun da aka jera a bakin kwazazzabo tun yana ƙarami, suna riƙe ƙasar a gonar mai ita. Shi ya fara cin riba kafin dam ya ci, ga gambar ma ana yin zana da ita a sayar.

Duk abin da muka tattauna a nan ya shafi lafiyar bututun ne, ba mu taɓa maganar ruwan da ke bi ta cikinsa ba. Madatsar Jakara da ke Wasai tana karɓar ruwan kwatamin tsohon birni ta rafin Jakara, da na masana'antun Bompai ta rafin Getsi, kuma da wannan ruwa ake shayar da latas da kabeji da alayyahun da ke komawa kasuwannin Kano. A babi na gaba za mu bi wannan ruwa daga tsakiyar birni har zuwa gona, mu ga abin da yake ɗauke da shi da kuma abin da za a iya cirewa kafin ya isa.